Gungun Kawu a Ɗakin Banda

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu kama hanya ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, a shekara ta biyu da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Bai wahalar da kowa da jinya ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya nemi a buɗe masa taga, kafin a dawo da mai allura ya cika. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi tun rasuwar Innata, yanzu kuma ina koyarwa a firamare a nan Yelwa. Abin da zan faɗa game da shi ba labari aka ba ni ba.

Duk mai shiga gidan Kawu sai ya ratsa ta shigifa, babban ɗakin nan da ke tsakanin zaure da tsakar gida. A nan ya rataye hotunansa. Ba na kyamara ba, zane-zane ne, na fenti da na tawada, bango huɗu, tun daga ƙarƙashin rufi har daidai ƙugun mutum. Masu gaisuwa suka shigo a ranar suka tarar da bango tsirara, sai ƙusoshi da tabon inda kowane firam ya zauna, farar ƙasar wurin ta fi ta gefe haske.

Kowa da abin da ya ce. Wata maƙwabciyarmu ta tsaya ta riƙe haɓa. "Kai! Ashe ɗakin ga na da hwaɗi haka?" Wani dattijo daga masallacin unguwa ya dafa kafaɗar Yaya, wato babban ɗan Kawu, ya ce, "Kun kyauta da kunka sauke su. Mutumin kirki na, Allah shi gafarta mai, sai dai wanga abu nashi." Fatake abokan tafiyarsa suna zaure suna dariya da hawaye, suna tuna yadda yakan tsayar da mota cike da mutane a Anacha don ya tafi cinikin takarda. Mai fentin motoci na tasha, wanda Kawu ya sayi aikinsa tun yana saurayi, ya shigo ya juya sau ɗaya a tsakiyar ɗakin, ya tsura wa wata ƙusa ido. Ya yi addu'a a tsaye, ya fita ko ruwa bai sha ba.

Washegari Inna Babba ta iso a jirgin ruwa daga wajen Ngaski. Ita ce babbar yayar Kawu da Innata, ita kaɗai ta rage mana a cikinsu. Aka riƙo ta har shigifa, ta tsaya ta dubi bangon gabas, inda babu komai.

"Ina gungu?"

"An adana shi, Inna," in ji Yaya. "Sabo da jama'a."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "To. Ran arba'in ku hiddo min shi. In gaida mutanena, in gaya musu ɗan'uwansu ya taho."

Ni na amsa mata da to, kuma da zuciya ɗaya na amsa, don a lokacin na yi imani babu inda ya fi wurin da muka sa shi aminci a duk gidan.

Gungu tsibiri ne a tsakiyar kogi. A kan wani gungu aka haifi iyayenmu, a cikin kogin Kwara ƙasa da Yelwa, kafin a datse ruwa a Kainji tafki ya hau ya shanye shi da gonakin albasa da maƙabarta da komai. Aka kwashe mutane aka zuba su a gidajen siminti a bakin gaɓa. Ana saura kaɗan ruwan ya zo, wani saurayi ɗan Kudu cikin masu awon ƙasa ya sauka a gidan kakanmu, Kawu ke tuƙa shi a jirgi. In sun tashi aiki da la'asar sai ya sa a tsayar da jirgin a ɗaya gaɓar, ya fito da wani faffaɗan katako da fenti a 'yan bututu, yana duban gungun yana shafawa. Ran da zai tafi ya bar wa Kawu katakon. Shi muke kira gungu a gida, kamar babu wani.

Komai yana ciki. Rumbuna, jirage a ɗaure, dangar gidan kakanmu, da babbar tsamiyar da ake binne mutane a gindinta, inda mijin Inna Babba da 'ya'yanta biyu suke kwance. Ran da aka kawo ni gidan Kawu ina ƙarama na ƙi cin abinci, na ƙi magana, na maƙale a bayan ƙofa. Bai lallashe ni ba. Ya ɗaga ni ya saɓa a kafaɗa ya kai ni gaban katakon, ya nuna mini wani ɗigon jan fenti a bakin ruwa, wanda bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba.

"Kin ga wagga mai jar atamfa da ƙwarya bisa kai? Innarki ta. Ta ƙi tsayawa wuri guda, shi as sa hannunta guda bai hito ba."

Innata ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Wannan ɗigon shi ne kaɗai kamanninta da ya rage a duniya, kuma na ci tuwo a daren nan ina zaune a ƙarƙashinsa.

Daga wannan katako ciwon ya kama Kawu, in ji Iya, matarsa. Sana'arsa fataucin banda ce, yakan bi motar kifi zuwa Anacha da Ibadan. Sauran fatake su dawo wa matansu da atamfa da kwanukan samira, shi ya dawo da wani abu a naɗe a hammata yana tafiya a karkace don kada wani ya goge shi. Iya takan leƙo daga madafa ta ce, "Yau kuma mi munka samu? Wata tsohuwar Bayarabiya?" Ya ce, "Ki tsaya ki duba, ba ta cizo." Wannan maganar ya fi yawan faɗa a rayuwarsa. Ya faɗa wa yara, ya faɗa wa malamai, ya faɗa wa wani ɗan sanda da ya zo neman wani abu daban.

Yana da zanen kasuwar Ibadan ana ruwan sama, duk laima. Yana da wata mata tana tsefe wa ɗiyarta kai. Yana da giwan ruwa da mai fentin motoci ya zana masa a kan murfin gwangwani, da wasu dawakai da ɗaliban zane na Zariya suka sayar masa, waɗanda ni dai har yau ban ga doki a ciki ba. Shi ya koya mini bambancin na hannu da na bugu. Na bugu, mai zanen yakan sassaƙa hoton a katako, ya shafa tawada, ya danna wa takarda, ya yi 'yan kaɗan ya daina, ya sa hannu da fensir a ƙasa. "Wanga na da ƙanne a gidajen mutane," in ji Kawu. "Ban san su ba, amma ina gaishe su. Shi ko na hannu maraya na, shi ɗai na a duniya. In ya tahi ya tahi."

Abin da bai yarda da shi ba shi ne kalanda. Wani ma'aikaci ya taɓa kawo masa ta banki mai hoton ruwa yana zuba daga dutse, yana tsammanin ya yi gwaninta. Kawu ya yi godiya har da rakiya, yana dawowa ya miƙa wa Iya ta shimfiɗa a ƙasan kwandon kifi.

Duk Juma'a da safe yakan wanke hannu kamar mai shirin alwala, ya ɗauki gashin zabuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe ƙura. Babban abokin gabarsa gara ce. Yakan kara kunne a bango yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, ya zuba baƙin mai a gindin ginin, in ya ga ko zirin ƙasa guda ya hau bango ranar babu mai shan ruwa a gidan sai an tone. Mun tashi da jin wannan kalmar a bakinsa safe da yamma, gara, gara, har muka ɗauka ita kaɗai ce abin tsoro.

Faɗansa da Iya guda ne wanda na sani, amma ya daɗe. Iya tana banda, kuma da can murhunta a jikin bangon shigifa yake. Kawu ya ce sai ta tashe shi. Ta ce uwarta ma a bakin ƙofa take banda, kuma da kifin nan ake sayen takardun da yake wa sujada. Wannan kalmar ta yi masa zafi, ya daina cin tuwonta, ya koma cin na tasha har ya rame. A ƙarshe shi da kansa ya kwaɓa ƙasa ya gina mata ɗakin banda a can ƙarshen gida, inda iska ke kwashe hayaƙin ta yi bayan gari da shi, ya yi mata ragaya mai hawa biyu da babu irinta a unguwa. Mu yara muka ɗauka tari ne yake damunsa. Babu wanda ya tambaya, shi kuma bai yi bayani ba, don Kawu in ya ci nasara ba ya ƙara magana.

Da Yaya kuwa abin ya fi nauyi. Ya dawo daga karatu a Sakkwato ya sami mahaifinsa ya ce masa, cikin ladabi, ya ji a wurin malamai cewa hotunan masu rai ba su dace da gidan Musulmi ba, kuma mutane suna magana. Kawu bai ce ƙarya ne ba. Ya sa hula ya tafi wurin tsohon malaminsa, ya daɗe, ya dawo. Abin da suka tattauna bai gaya wa kowa ba. Tun daga ranar dai, duk mai fuskar mutum a jiki yakan juya shi ya dubi bango idan lokacin salla ya yi, ya daina salla a shigifa kwata-kwata. Amma bai sauke ko ɗaya ba.

"Ni da Ubangijina mun san abin da nika yi da su," ya ce wa Yaya. "In na yi kuskure shi gafarta min. Kai dai kunyar mutane kaka ji, kuma wagga ba ta cikin littafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba Yaya kaɗai ba. 'Yan ajinmu suna kiran gidanmu gidan sinima. Ni da bakina da ba ya shiru a kan kowa, in aka zo kan hotunan Kawu sai in yi tsit, in zagaya da ƙawayena ta ƙofar baya.

Waɗanda ba su taɓa jin kunyarsa ba su ne mutanen gungu. Bayan kaka, in an gama girbi, sukan zo daga ƙauyukan bakin tafki, daga wajen Wara har Shanga, su zube a shigifa da ƙafafunsu masu laka. Kawu, wanda ke sa manyan ma'aikata cire takalmi, bai taɓa ce musu uffan ba. Su yi ta gardama a kan rumbun wane ne wancan, jirgin wane ne wannan. Inna Babba ita ba ta gardama. Takan jira kowa ya fita, a ajiye mata kujera 'yar tsugune, ta sa yatsa a gindin tsamiya ta yi wa mijinta da 'ya'yanta addu'a, sannan ta ba su labarin shekara, wa ya haihu, wa ya rasu, yadda albasa ta yi. Da idonta ya fara rauni ta ce gilashin yana mayar mata da fuskarta, ba ta ganin komai sai tsohuwa. Kawu ya cire gilashin a ranar. Gungu ne ya fi kowane hoto daraja a wurinsa, kuma shi kaɗai ya bari babu kariya, don yarsa ta riƙa taɓawa.

To, ga abin da muka yi. Ana dawowa daga maƙabarta, Yaya ya kira ni da ƙannensa biyu. Shi yanzu ma'aikaci ne a sabuwar sakatariya a Birnin Kebbi, manyansa suna hanya, malamai za su zo, kuma a shigifa za a zaunar da su. Ya ce ba ya so a tashi daga gaisuwar mahaifinsa ana ba da labarin bango. Babu wanda ya ce a'a. Ni ma wani sanyi na ji, Allah ya sani. Muka sauke su cikin gaggawa, sai tambaya ta zama ina za a kai su. Ɗakunan ciki sun cika da baƙi. Ɗakin ajiya yana yoyo, ga gara a cikinsa.

Ni ce na ce a kai su ɗakin banda. Ni, malamar makaranta. Kuma da hujjata, hujjar da duk ɗan bakin ruwa zai ba ka. A can muke rataye irin masara da na gero don kada ƙwari su ci. A can ake ajiye taru da igiya da ƙorai su shekara lafiya. Inda hayaƙi yake gara ba ta zuwa, danshi ba ya zama, wannan ko yaro ya sani. Yaya ya ce na yi tunani. Muka hau ragayar sama, muka fara ɗora gungu saboda ya fi faɗi da ƙarfi, zai ɗauki sauran. Muka kife shi, fuskarsa ƙasa, don kada ƙura ta sauka masa. Muka jera sauran a bayansa muka rufe da tabarma. Na sauko ina jin na yi wa Kawu hidima ta ƙarshe.

Iya ce kaɗai za ta hana, ita kuwa tana ɗaki ta shiga takaba, babu wanda ya ga dalilin damunta da zancen takardu. Aikin bandar ya koma hannun matan ƙannen Yaya da maƙwabta. Ga baƙi da za a ciyar, ga tarwaɗa ta yi arha a bakin ruwa, wuta ba ta mutu a ɗakin nan ba har arba'in ta zagayo. Nakan wuce in ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin rufi, in ce a raina, to, gara, sai ki san inda za ki.

Ranar arba'in da sassafe, tun ba a ɗora tukwane ba, muka je ni da Yaya mu sauko da shi. Tabarmar da muka rufa ta zama baƙa, tana danƙo. Na bugu da ba su da gilashi sun yi ja kamar ganyen taba, sun manne da juna, in ka ɗaga ɗaya sai ya taho da fatar ɗan'uwansa. Masu gilashi sun ɗan tsira, ko da yake zafi ya tsaga wasu. Muka yi ta saukewa har muka kai ga na ƙasa. Yaya ya kama gefe na kama gefe, muka fito da shi tsakar gida muka juya.

Baƙi ne ƙirin, yana ƙyalli, kamar gindin tukunya. Babu tsamiya, babu ruwa, babu sama. Hayaƙi da man kifi sun hau sun bushe, sun sake hawa. Na ruga na ɗebo ruwa da sabulu na goga kusurwa ɗaya, baƙin ya taso, fentin ya biyo shi, sai ga farin katako. Yaya ya riƙe mini hannu.

Iya ta ji motsi ta leƙo daga ƙofar ɗakinta. Ta dubi katakon, ta dubi inda muka fito da shi.

"Ɗakin banda kunka kai su?"

Na gyaɗa kai.

"Ku kuna tsammanin don mi yag gina shi can ƙarshen gida? Don mi yab bar cin tuwona? Ni da ban yi boko ba na gane tun ran nan, don dai ban so in ba shi gaskiya na." Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Tun rasuwar ban ji kukanta da sauti ba sai ranar.

Kunya iri-iri ce, na ɗanɗana wasu, amma ban san akwai irin wannan ba sai a wannan safiyar. Mun ji kunyar Kawu yana raye, muka ɓoye shi yana mutuwa, kuma duk shekarun da muka yi a gidansa ba mu taɓa tsayawa mun tambaye shi yadda ake kula da abin da ya fi so ba. Kalma ɗaya muka tsinta a bakinsa muka yi aiki da ita.

Yaya ya ce a gaya wa Inna Babba an tafi da shi Birnin Kebbi a yi masa sabon firam. Ya ce tsohuwa ce, a bar ta da abin da ke ranta. Na kusa yarda, don ni ma hanyar gudu nake nema. Iya ta ɗago ta ce, "A gidan ga? Ran arba'in ɗin shi? Ku kai mata abinta."

Inna Babba ta iso bayan an shafa addu'a, jama'a sun fara raguwa. Muka mayar da katakon kan ƙusarsa a bangon gabas, muka ajiye mata kujerarta. Yaya ya durƙusa ya fara bayani, ni na karɓa na ce ni ce na kawo shawarar. Ba ta dube mu ba. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa shi, ta shaƙa.

"Tarwaɗa," ta ce.

Ina jira ta zage mu, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan baƙin, can sama ta hagu, ta gangaro da shi a hankali.

"Ga rumbun Baba. Ga na ƙanen shi, wanda ak karkace. Nan danga ta biyo." Yatsan ya tsaya, ya koma baya kaɗan, ya sauka. "Ga tsamiya."

Ta yi sallama. Ta yi wa mijinta addu'a, ta yi wa 'ya'yanta, kowanne da sunansa. Ta gaya musu ɗan'uwansu ya taho, su yi haƙuri da shi, yana da yawan magana a kan abin da bai shafi kowa ba. Ta ce ruwa ya yi yawa bana, albasa sai abin da Allah ya yi. Duk yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Da ta gama ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba.

"Ina ɗiyar auta?"

Na matso. Ta kama yatsana ta ja shi ƙasa ta dama, ta danna shi a wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba.

"Nan take. Ki riƙe wurin, ni ba ni daɗewa."

Yaya yana durƙushe yana ta faɗin a yafe mana, a yafe mana. Ta ce ta yafe, Allah ya yi mana albarka, ai ba da mugunta muka yi ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta goge yatsanta a gefen mayafi. Har ta kai ƙofar zaure sai ta tsaya ta juyo, ba mu take duba ba, bangon take duba.

"Wancan karon an gaya muna ruwa na tahe," ta ce. "Mun samu mun zagaya, mun yi bankwana da kowane wuri. Wanga karon ba wanda yag gaya min."

Aka riƙe ta zuwa bakin ruwa, don mai jirgi ya ce hadari yana haɗuwa.

Waɗanda suka tsira mun mayar da su kan ƙusoshinsu, Yaya da hannunsa ya rataye, har da matar nan mai tsefe kai. Mai fentin motoci ya zo ya duba gungu, ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, kada kowa ya ƙara sa masa ruwa, wataƙila a Zariya a sami wanda ya san abin yi, wataƙila kuma a'a. Yana nan a bangon gabas, baƙi, shigifa duk tana warin banda. Bayan kaka mutanen gungu za su zo kamar yadda suka saba, kuma ni zan tsaya in gaya musu, don Iya ta ce wanda ya ɗora shi ne zai sauke.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sada shi da mutanen gindin tsamiya. Duk Juma'a da safe nakan wanke hannu in ɗauki gashin zabuwar nan in bi su ɗaya bayan ɗaya. In na zo kan gungu sai in auna daga kusurwar ƙasa ta dama, yatsa huɗu sama, uku ciki, in ce, Inna, ina kwana.